Yadda Ake Koya Wa Kwikwiyo Yin Kashi da Fitsari a Wuri Ɗaya, Nesa da Tsakar Gida

Ranar da na shigo da kwikwiyo gida, a cikin kwali bisa kabu-kabu, mahaifiyata ba ta ce uffan ba sai da gari ya waye. Ta fito da asuba za ta shimfiɗa darduma a gindin dogon yaro, inda ta saba salla lokacin zafi, sai ƙafarta ta taka danshi. Ta kira ni.

"Zo nan. Ko dai ka san yadda za ka yi da wannan abin, ko ka mai da shi inda ka ɗauko shi."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki ba ni wata biyu."

"Wata biyu ina wankin tsakar gida?"

Tana da gaskiya. A gidajenmu na Maradi tsakar gida ita ce komai. Nan ake salla, nan ake shanyar hatsi da kuɓewa, nan jariri ke rarrafe yana kai ƙasa baki, nan ake cin tuwon dare. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, babu ja a kan wannan. Ni kuwa ba don ado na kawo shi ba. Jajayen awaki ne da ni a bayan gida, an kuma kwance mini rago saura kwana kaɗan Layya. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. Wanda yake so don gadin gida kawai, ya zauna da malamin unguwarsa. Abin da zan iya koya maka shi ne yadda karen zai san wurinsa, har a zauna lafiya da shi.

Fara da sanin cikinsa

Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da kamar awa 2, da rana kuma yana wasa, ko hakan ba ya kaiwa. Ma'aunin da masu kiwon karnuka ke amfani da shi mai sauƙi ne: kowane wata na rayuwarsa, awa ɗaya. Ɗan wata 3 awa 3, ɗan wata 4 awa 4. Sai ya kai mako 12 zuwa 16 yake fara mallakar mafitsararsa sosai. Kafin nan, in ya matsu, inda yake tsaye nan zai yi, kamar dai jaririn da ba a fara ɗora shi a fo ba. Ba taurin kai ba ne, ba kuma raini ba ne.

Abu biyu Allah Ya halitta a cikinsa da za su taimake ka. Na farko, kare ba ya son ɓata makwancinsa. Tun suna kamar mako 3 za ka ga ƴan kwikwiyo suna jan ciki su bar inda suke kwance da uwarsu kafin su yi. Na biyu, inda ya ji warin fitsarinsa, can yake komawa, kuma irin ƙasar da ya saba ji a ƙarƙashin ƙafarsa yana ɗan mako 8 ita zai riƙa nema har ya girma. Wanda ya saba da yashi, yashi zai nema. Wanda ya saba da tabarma, to ka shiga uku da tabarmi. Duk koyarwar a kan waɗannan biyu aka gina ta.

Kada ka karɓi kwikwiyo kafin ya cika mako 8. Na san yara kan kwaso su daga kango tun idonsu bai gama buɗewa ba, su zo suna tallan su. Irin wannan bai gama koyon komai a wurin uwarsa ba, cikinsa ma bai yi ƙwari ba, wahalarsa ta ninka.

Mataki na 1: Shirya wuri biyu kafin ya iso

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuri biyu kake bukata: inda zai kwana da inda zai yi bukatarsa.

Wurin bukata ya kasance a can kusurwar bayan gida, nesa da randa, nesa da madafa, nesa da inda yara ke wasa da inda awaki ke cin dusa. Duba kuma inda ruwan sama ke bi in an yi ruwa, don kada damana ta riƙa kwaso ƙazantar tana ratsa tsakar gida da ita. Faɗin taki biyu, tsawon taki biyu ya isa. Zuba yashi kamar kwano goma, ka kewaye da duwatsu ko guntayen bulo don kowa ya san iyakarsa. Ka yi masa ƴar inuwa da zana ko tsohon buhu. Wannan inuwar za ka gane amfaninta a watan Afrilu.

Wani zai ce, me zai hana a kai shi ƙofar gida ko bola tun farko? Cutar da likitocin dabbobi ke kira farbo ce za ta hana. Tana kama hanjin kwikwiyo, amai da zawo mai jini, tana kashewa cikin kwanaki kaɗan, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a cikin ƙasa inda kare mai ita ya yi kashi. Allurar rigakafinta ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Kafin a gama, ƙafarsa kada ta taka inda karnukan titi ke yawo.

Makwanci kuma ya zama ƙarami: daidai ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. In ya yi faɗi da yawa, zai mai da gefe ɗaya ɗaki, gefe ɗaya makewayi. Ni da katako da wayar akurkin kaji wani kafinta ya haɗa mini, na sa tsohon buhu a ƙasa. Ya zama iska na ratsa shi, kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi ko inda rana ke faɗawa.

Ina roƙonka da abu ɗaya a nan. Kada ka ɗaure kwikwiyo a turke da gajeriyar igiya ka bar shi wuni da kwana. Wannan shi ne abin da aka fi yi a garin nan, kuma shi ke lalata karnuka. Dabbar da aka tilasta wa kwanciya cikin kashinta, wannan ƙyamar da aka halicce ta da ita takan mutu, kuma in ta mutu, dawo da ita aiki ne ja.

Mataki na 2: Abinci a kan lokaci

Abin da ya shiga a kan lokaci, a kan lokaci zai fita. Ɗan wata 2 zuwa 3 sau 4 ake ba shi a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau 3, bayan nan sau 2. Ajiye kwanon minti 15, abin da bai ci ba ka ɗauke. In aka bar abinci a gabansa wuni guda, kowane yaro kuma na jefa masa lomar tuwo in ya wuce, ba za ka taɓa sanin lokacin kashinsa ba. Tara mutanen gida ka gaya musu: mutum ɗaya ke ba shi abinci.

Ragowar miya mai yaji da albasa ba abincinsa ba ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, yaji da maiƙo suna sa shi zawo, madarar shanu ma takan ɓata wa da yawansu ciki. Kwikwiyo mai zawo kuwa ba a koya masa komai. Tuwo ko shinkafa ba miya, da dafaffen nama ko kifi ba ƙaya, ko dafaffen ƙwai, su suka fi. Kada a riƙa sauya masa abinci yau wannan gobe wancan.

Ruwa dai a bar masa wuni. Da sanyi kana iya ɗauke kwanon awa biyu kafin barci. Da bazara kada ka kuskura. Gara ka tashi da dare sau biyu da ka wayi gari da kwikwiyon da ƙishirwa ta galabaitar.

Mataki na 3: Ka riga shi

Nan ne aikin yake. Duk wanda ya ce mini karensa ya ƙi koyo, in na bi diddigi, nan ya yi sakaci. Lokutan da kwikwiyo ke bukatar fita sanannu ne: da zarar ya farka daga barci, ko barcin minti goma ne, bayan ya ci abinci da minti 5 zuwa 30, bayan ya sha ruwa da yawa, bayan wasa da guje-guje, da kuma kafin a rufe shi. Tsakanin waɗannan, duk awa ɗaya zuwa biyu a makonnin farko.

Mu Allah Ya hutar da mu neman agogo, kiran salla ya raba mana wuni. Ga yadda na tsara nawa, lokacin yana ɗan mako 8.

Da kiran assalatu, kafin na yi alwala, nakan buɗe shi na kai shi. Wannan fitar ba ta da jinkiri ko na minti ɗaya. In ka tsaya neman takalmi, kafin ka juyo ya tsuguna. Takalmina da cocila a bakin ƙofa suke kwana. A makon farko ɗaukarsa nake yi a hannu har wurin, domin kwikwiyo ba ya yawan yi a hannun mutum, in kuwa ka bar shi ya taka, rabin hanya zai tsaya. Na dawo masallaci na ba shi abinci, bayan kwata na sake kai shi, a nan yakan yi kashi. Da hantsi, uwargida ta kai shi sau biyu. Kafin azahar abinci, sai fita. Bayan barcin rana fita. La'asar abinci da fita, sannan wasa da yara in sun dawo makarantar allo, wasan na ƙarewa a sake kai shi. Abincin ƙarshe da magariba, ba a wuce nan, sai fita. Bayan lisha fita, sai ta ƙarshe wajen ƙarfe 11 kafin na kwanta.

In ka ƙirga za ka samu fita goma ko sha biyu a rana. Da yawa ne, na sani. Na mako uku zuwa huɗu ne kawai, daga nan sai ta riƙa raguwa. Mai fita kasuwa tun safe ba zai iya shi kaɗai ba, dole a samu wani a gida da ya yarda da aikin tun kafin a kawo karen. In babu, a dakata da kawo shi. Sa'a ta yi mini, babban ɗana yana hutun makaranta lokacin, shi ya riƙe rana.

Bayan agogo akwai alamu. In ka ga ya bar wasa kwatsam, ya sa hanci ƙasa yana sunsune, yana zagaye wuri ɗaya, ko ya nufi bayan randa da sauri, ko ya fara ƴar kuka a makwancinsa, saura daƙiƙa kaɗan. Kada ka ce bari na gama wannan maganar.

Mataki na 4: Abin da za ka yi a wurin

Zuwa da kai ya fi aike. Buɗe ƙofa ka ce "jeka" ba koyarwa ba ce. Dole ka je tare da shi, ka tsaya, ka gani da idonka.

Ka bi hanya ɗaya kullum. Sa masa igiya mai laushi a wuya, mara shaƙewa, ka sauke shi bisa yashin, ka tsaya cik kamar turke. Ba wasa, ba hira, yara su koma baya. Bar shi ya sunsuna. Da ka ga ya fara tsugunawa, sai ka faɗi kalma ɗaya a hankali. Ni "yi maza" na zaɓa. Kowace ka zaɓa, ita kowa a gidan zai riƙa faɗi. A kwanakin farko sai yana cikin yi ake faɗin ta, don ya haɗa sautin da aikin. Bayan kamar mako biyu za ka iya faɗin ta tun kafin ya fara, ka ga ya zagaya ya tsuguna.

Yana gamawa, nan take, a nan wurin, ka yabe shi da murya mai daɗi: "Yawwa! Madalla!" Ka ba shi ɗan abu a baki. Guntun dafaffen nama ko hanta, girman ƙwayar gujiya, ya isa. Ni a ƴar leda nake ƙulla su cikin aljihu. Kilishi da tsire kada a ba shi, saboda yaji da albasar da ke ciki. Daƙiƙa biyu zuwa uku kake da su. In ka bari sai kun koma tsakar gida sannan ka ba shi, a tunaninsa ladan komawa tsakar gida ka biya shi. Kada kuma ka yi ihun murna yana tsakiyar fitsari, zai katse ya taho gare ka, ya ƙarasa sauran a ƙofar ɗaki.

In ya yi, sake shi ya ɗan yi wasa. Kwikwiyon da ya lura ana rufe shi da zarar ya gama, yakan koyi ja maka rai a wurin don ya daɗe a waje.

In minti 5 suka wuce bai yi ba, kada ka tsaya rabin awa, kada kuma ka sake shi. Mai da shi makwancinsa, bayan minti 10 zuwa 15 ka sake kawo shi. Wannan ita ce gaɓar da mutane ke faɗuwa: sun kai shi, bai yi ba, sun sake shi, ya je ya yi a tabarma, sai su ce da gangan ne. Cikinsa a cike yake, hankalinsa ne kaza ko ganye ya ɗauke.

Wata dabara: fitsarin da ya yi a kuskure ranar farko, kwashi yashin da ya jiƙe ka zuba a wurin bukatarsa. Hancinsa zai gaya masa abin da bakinka ba zai iya ba.

Mataki na 5: Ko ido, ko makwanci

Tsakanin fita da fita, kwikwiyo hali biyu kawai yake ciki. Ko wani na kallonsa, ko yana makwancinsa. Yawo shi kaɗai a gida sai ya ci jarrabawa. Uwargida in tana wanki takan ɗaura igiyarsa kusa da ita a inuwa inda take ganinsa. Ɗakuna a rufe, ko a gitta katako a ƙofa. Tabarmi da dardumai a naɗe su a rataye in an gama, domin abu mai laushi mai shan ruwa yana jan su ƙwarai. Buhunan hatsi a ɗaga su bisa dutse.

Makwancin dai ba kurkuku ba ne. Da rana kada ya wuce awannin da cikinsa ke iya riƙewa, kuma kada a jefa shi ciki da faɗa.

Dare

Barci na rage yawan fitsari, amma ɗan mako 8 ba ya kai asuba. Ajiye makwancinsa inda za ka ji motsinsa, kusa da ƙofar ɗakinka. Na sa wayata ta tashe ni ƙarfe 2 da rabi. Ka fita da cocila, ka haska yashin kafin ka sauke shi saboda kunama, musamman da zafi da farkon damana. Ba wasa, ba abinci, ya yi, ka yaba masa a hankali, ka mai da shi. Duk bayan ƴan kwanaki ka ja lokacin baya da kwata ɗaya. Da yawansu suna kwana har asuba in sun kai wata 4.

Daren farko da na biyu zai yi kuka, kewar uwarsa ce. In ka kai shi ya yi, ka mai da shi, kukan da ya biyo baya ba na fitsari ba ne. Tsohuwar rigarka a cikin makwancin takan kwantar masa da hankali. Ka je ka ba maƙwabta haƙuri tun da rana.

In ya yi inda bai kamata ba

Zai yi. Ko ka fi kowa kula, sai ya yi.

In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya ko ka ce "a'a" ba da tsawa ba, ka sure shi zuwa wurinsa. In ya ƙarasa a can, ka yabe shi ka ba shi ladansa kamar ba abin da ya faru. In kuwa tarar da abin ka yi, ko da minti biyu ne da yi, ka makara. Share kawai, ka tambayi kanka wace fita aka tsallake.

Ina so na daɗe a nan, domin na taɓa yin kuskuren da har yanzu yake damuna. Shekarun baya na riƙe wata ƴar kwikwiya. Abin da na taso na ga ana yi shi na yi: in ta yi kashi, na kamo ta, na dangwara hancinta a ciki, na tsula mata tsumagiya. In na shigo gida sai na ga ta sunkuyar da kai, ta sa wutsiya tsakanin ƙafafu, na ce ai ta san laifinta. Ashe fuskata da takuna take karantawa, tsorona take ji. Abin da ta koya shi ne, tsugunawa a gaban mutum haɗari ne. Sai ta riƙa laɓewa bayan rumbu da ƙarƙashin gado. In na kai ta waje na tsaya, ba za ta yi ba ko za mu kwana, sai na juya baya. Wani dattijo mafarauci da ke zuwa cin kasuwa daga ƙauye na kai wa kuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in ka doke ta don ta yi a gabanka, gobe a gaban wa za ta yi?" Ban sami amsa ba.

Kare ba ya iya haɗa dukan yanzu da abin da ya yi ɗazu. Kuma dabba ce da aka ba ka amana, za a tambaye ka a kanta. Ka hana yara ma. Yaro in ya ga babba na duka, shi da dutse zai yi.

Akwai wani fitsarin daban da ya kamata ka gane. Wani kwikwiyo in ka dawo gida ya taho da murna, ko ka sunkuyo kansa ya kwanta ya nuna ciki, sai ya ɗiga fitsari. Wannan na zumuɗi ne ko na tsoro, bai ma san ya yi ba. Faɗa na ƙara shi. Ka shigo ba hayaniya, kada ka kula shi sai ya natsu, ka tsuguna in za ka taɓa shi. Yawanci yana bari in ya girma.

Wanki iri biyu ne

Akwai wankin tsarki, akwai wankin da ake yi don hancin kare. In ka yi na farko ka bar na biyu, gobe nan zai dawo, domin abin da hancinka bai ji ba nasa ya ji.

In ƙasa ce, sa shebur ka kwashe duk inda ya jiƙe har ka kai busasshiya, ka kwarara ruwa, ka cike da sabon yashi. In daɓen siminti ne, tsane da toka ko yashi ka kwashe, ka wanke da omo, ka zuba binega da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, ya ɗan jima, sannan ka bi da ruwa tsarkakke mai yawa, domin najasa ruwa ke gusar da ita. Daga nan ka kifa tsohon kwando ko turmi a wurin na ƴan kwanaki. Tabarmar roba ta wanku ta sha rana. Ta kaba in ta sha fitsari, da wuya warin ya fita duka.

Kada ka zuba jabel, ruwan nan mai faranta tufafi, kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai cutar da ƙirji da ido. Sai an wanke an ɗauraye. Girezil kuma da ake zubawa a makewayi guba ne ga kwikwiyon da zai taka ya lashe ƙafarsa.

Wurin bukatar ma a kwashe kashin kullum, safe da yamma. Kare ba ya son taka kashi, in wurin ya cika zai nemi wani. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan. Yawancin ƴan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu ko su sha ta a nono. Ƙwan wannan tsutsa sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa yake iya kama mutum, kuma yaro mai cin ƙasa shi ya fi shiga haɗari. In ana kwashewa kullum an yanke mata hanya. Wata tsutsar kuma ta fatar ƙafa take shiga, don haka ba a shiga wurin ba takalmi. A zuba kashin a masai ko a binne shi da zurfi. Ba a sa shi cikin takin lambu. A wanke hannu da sabulu. Maganin tsutsa ana ba su duk mako 2 har su kai mako 8, sannan duk wata har wata 6, gwargwadon nauyinsu. Likitan dabbobi ne zai auna, kada ka yanko masa na tumaki da ka. Ranar Layya kuma, huhu ko hantar da aka ga ƙullutun ruwa a jiki, kada a jefa wa kare ɗanye. Ta nan wata tsutsa ke shiga cikinsa, ta fito a kashi, ta koma kan mutane da dabbobi.

Zafi, ruwa da sanyi

A Afrilu da Mayu zafin Maradi na haura digiri 40, yashin da rana ta daka kuwa ya fi haka nesa. Ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga biyar. In ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Ɗauke shi a hannu har inuwar, ka ɗan yayyafa wa yashin ruwa. Da damana, musamman Agusta, wasu kan ƙi taka ƙasa mai laka. Ɗaga wurin da ƙarin yashi, ka gyara rufin, ka fita tare da shi ko ana yayyafi. In ka ɗaga masa ƙafa kwana uku saboda ruwa, aikin mako uku ya koma baya. Da sanyin Disamba da Janairu, fitar dare ta zama gajeriya, a ƙara masa buhu.

Lokacin da ba koyarwa ce matsalar ba

In yana tsugunawa akai-akai yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko yana yunƙuri da kuka, ko ka ga jini a fitsarin, ko wanda ya riga ya koya ya koma ɓatawa ba dalili, kai shi wurin likitan dabbobi. In amai ne da zawo mai jini da wari, ya ƙi abinci ya kwanta, ranar za ka kai shi, kada ka ce sai gobe. In ka je, ka yi maganar allurar haukan kare, wadda ake yi in ya cika wata 3. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti.

Sassautawa

In ya yi mako biyu cur ba kuskure, ƙara rabin awa tsakanin fita da fita, ka bar shi ya ɗan yi yawo a wani ɓangare na gidan kana kallo. In kuskure ya dawo, koma tsarin makon da ya wuce. Naman lada kuma a rage shi sannu, yau a ba shi, gobe yabo kawai. Yawancin karnuka suna zama abin dogaro tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu sai sun kusa shekara. Namiji in ya fara balaga, daga kamar wata 6, yakan fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a jikin bango da tayar babur don sa alama. Kafa masa guntun icce a tsakiyar yashinsa, ka koma sa masa ido na ƴan makonni.

In an gama alluransa kana so ya koma yi a waje, kada ka sauya masa dare ɗaya. Ɗebi yashin tsohon wurin ka kai sabon, ka fita da shi da igiya da asuba da bayan magariba, ka faɗi kalmar nan da ya sani. Ka zaɓi wurin da ba ƙofar gidan kowa ba, ba jikin masallaci ba, ba filin da yara ke ƙwallo ba, ka kuma tafi da leda ko ɗan shebur ka kwashe. Tsohon wurin na cikin gida kada ka rushe shi, zai yi amfani ranar da ake ruwa da dare ko ranar da ba ka gari.

Nawa, ranar da ya cika mako 13, ina zaune a zaure na ga ya bar wasa da igiyar awaki, ya ratsa tsakar gida da gudu, ya wuce tabarmar Inna ko kallonta bai yi ba, ya shiga yashinsa. Na bi shi da guntun hanta a hannu. Da na dawo, Inna na jan carbi ta ce, "A ƙara masa yashi, na ga ya fara ƙarewa."